Jack Lang, Firimiyan da Gwamna Ya Tuɓe

Ƙasar Ostareliya jihohi shida gare ta, kowace da Firimiyanta, da kuma Gwamna mai wakiltar Sarkin Ingila. Cikin Firimiyoyin jihar New South Wales, inda birnin Sidni yake, ba wanda ya ta da ƙura kamar Jack Lang.

An haife shi cikin 1876. Ya tashi cikin talauci, har ya yi tallar jarida yana yaro, da ya girma ya zama dillalin gidaje. Ya shiga Majalisa cikin 1913, bayan shekara goma ya zama shugaban Jam'iyyar Leba, watau ta 'yan ƙwadago, cikin 1925 kuma ya zama Firimiya. Ya yanka wa matan da mazansu suka mutu fansho, ya sa a riƙa ba iyaye kuɗin renon yara, ya mai da aikin mako awa 44. Duk da haka ya faɗi zaɓen 1927.

Sa'ad da ya komo cikin 1930, ciniki ya lalace a duniya duka. Ulu da alkama sun faɗi warwas, magidanta suna yawo ba aiki, ga kuma bashi mai nauyi da aka ciwo a London, wanda ake biya wa ruwa kowace shekara. Sauran shugabanni suka ce sai a rage albashi a biya masu bashi. Lang ya ƙi, a ganinsa cikin talaka ya fi aljihun attajiran London gaggawa. Cikin 1931 ya tsai da biyan ruwan.

To, sai Gwamnatin Tarayya ta biya a madadinsa, ta kuma yi doka ta kama kuɗin jihar. Shi kuwa ya sa aka kwashe kuɗin daga bankuna aka jibge a baitulmalin jiha, ya umarci ma'aikata kada su miƙa wa Tarayya ko kwabo. Gari ya yi zafi ƙwarai. Ran da aka buɗe babbar gadar Sidni ma, cikin Maris 1932, wani abokin gābarsa ya sukwano a kan doki, ya sare ƙyallen da takobi tun Firimiya bai kai hannu ba.

Gwamna, Sir Philip Game, ya ce umarnin nan ya saɓa wa doka, a janye shi. Lang ya ƙi. Ran 13 ga Mayu 1932 Gwamna ya tuɓe shi. Mutane sun zaci za a zub da jini, amma mutumin nan mai taurin kai ya tattara takardunsa ya fita salin-alin. Da aka yi zaɓe cikin Yuni, ya sha mugun kaye.

Taurin kan nan bai bar 'yan gidansu ba. Mutanensa ne suka haɗa kai da abokan hamayya suka kā da gwamnatin Leba ta Tarayya cikin 1931. Jam'iyya ta karɓe shugabanci daga hannunsa cikin 1939, ta kore shi cikin 1943, ba ta maido shi ba sai 1971. Ya rasu cikin 1975, yana da shekara 98.