KEITA: GARIN DA MATA SUKA TARE RUWA DA DUWATSU

 Yau za mu waiwayi tarihin Keita, don yaran da aka haifa a baƙon wuri su san inda cibiyar iyayensu take.

Keita tana cikin ƙasar Adar, kamar kilomita 70 daga Tawa. Garin yana zaune cikin kwari mai faɗi, duwatsu da fako sun kewaye shi. Maƙwabtanta su ne Tamaske, Ibohaman da Garhanga. A kwarin ake noman hatsi da dawa da damina, a yi albasa da tumatir da rani.

Wajen shekara ta 1674 ne Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci ƙasar Adar da yaƙi, ya kafa sarautar Sarkin Adar, wadda zuriyarsa ke riƙe da ita a Illela. Ya tarar da Azna, su ne masu ƙasa tun asali. Cikin Abzinawan da suka dafa masa akwai Lisawan, waɗanda daga baya sarautar Keita ta koma hannunsu. Da Faransawa suka zo, sai suka mai da Keita mazaunin kanto a 1913. Wannan lokaci ya zo daidai da yunwar Kakalaba. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1917, zamanin yaƙin Kawsan, 'yan tawaye suka faɗa wa garin, suka washe shi, suka kashe sarki Afadandan. Duk da haka garin ya sake tashi. A 1964, bayan samun mulkin kai, ya zama babban garin arondisma.

Amma babban abokin gabar Keita bai zo bisa raƙumi ba. Dattawa sun san yadda aka sare itacen tudu, ƙasa ta tsiraita. In an yi ruwa, sai ya gangaro daga duwatsu da ƙarfi, ya yage gona, ya haƙa kori, ya binne shuka da rairayi. Farin 1973 ya kashe dabbobi. Na 1984, wanda aka sa wa suna El Buhari, ya kwashe maza zuwa cin rani, ya bar mata da tsofaffi da yara.

A wannan shekara ta 1984, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar kuma aka buɗe Furojen Keita. Gwamnatin Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar PAM ta kawo abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Wani mutumin Italiya, Renato Karuci, ya shugabanci aikin shekaru da yawa.

To, su wa suka yi aikin? Mafi yawansu mata ne. Mu da muke yara lokacin mun gani da idonmu. Tun da asuba uwayenmu za su hau dutse, wata da goyo a baya. Su fasa dutse, su ɗauko a ka, su jera. A kan tudu ana haƙa ramuka a jere, a dasa dakwara da farar ƙaya. A kan fako ana yin kunya a lulluɓe ta da duwatsu. A cikin kori ana gina shinge da baraji. Dabarar guda ce: a rage wa ruwa gudu tun daga sama, ya tsaya ya shiga ƙasa. Daga 1984 zuwa farkon shekarun 2000 an raya fiye da hekta 30,000, an dasa itace kimanin miliyan 18. Fakon da ko akuya ba ta tsayawa a kansa ya fid da hatsi.

Ga abin da ya sa muka kawo wannan tarihi. Furoje ya tashi, Turawa sun koma gida, matan da suka yi aikin sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Jerin dutse kuwa ba ya gyara kansa. In dutse ɗaya ya zame, ruwa ya sami ƙofa, kafin damina uku kori ya dawo. Baraji na cika da laka, gatari kuma bai bar itacen ba.

Saboda haka muna roƙon dattawa su tsawata kan saran itace, su farfaɗo da gayya kafin faɗuwar damina. Ku kuma da ke waje, in za ku aiko da kuɗin biki da na siminti, ku ware na gyaran gonar gidanku. Wanda ya zo sallah ya kai ɗansa tudu, ya nuna masa jerin da kakarsa ta ɗauko a ka. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin. Wasalam.