Sabar da Ba Ta Ganin Faifanta: Tarihin Wata Tsohuwar Matsala ta Girka Manhaja

A cikin matsalolin da masu kula da kwamfutocin ma'aikatu suka daɗe suna fama da su, da wuya a sami wadda ta kai ɓacewar faifai lokacin girka babbar manhaja tsufa da naci. Sabar, wato kwamfutar da aka keɓe domin ta riƙa yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana, takan zo da faifan ajiya shida ko takwas jere a gabanta, fitilunsu na haskawa, amma da zarar shirin girka Windows ko Linux ya kai matakin da zai tambayi inda za a zuba manhajar, sai ya nuna jerin da babu komai a cikinsa. Dalili kuwa shi ne faifan ba sa magana da ƙwaƙwalwar kwamfuta kai tsaye, akwai wata na'ura a tsakani da ake kira kwantirola, wadda ko dai kati ce da ake sokawa a babban allon kwamfutar ko kuma guntun lantarki ne da aka dasa a jikinsa, kuma babbar manhaja ba ta iya ba wannan na'ura umarni sai ta hanyar wata ƙaramar manhaja da aka rubuta musamman dominta, wadda ake kira direba. Wahalar ta samo asali ne daga cewa direban kowace na'ura, ta buga takarda ce ko ta sadarwa, ana iya ɗora shi bayan an gama girkawa, amma direban faifai dole ne ya kasance a hannu tun kafin a karanta faifan da zai zauna a cikinsa, tamkar ɗakin da aka kulle alhali makullinsa yana ciki.

A zamanin DOS ba a san wannan damuwa sosai ba, domin manhajar ba ta taɓa kwantirola da kanta, tana miƙa buƙatunta ne ga BIOS, wato shirin da aka dasa a babban allo wanda ke tayar da kwamfuta, ta wata ƙofa da aka sani da INT 13h. Duk katin da ya zo da nasa ɗan shirin BIOS yakan kama wannan ƙofa ya riƙa amsawa, DOS kuwa ba ruwanta da wanda ya amsa. Tsarin IDE da Western Digital da Compaq suka fito da shi a 1986 ya ƙara sauƙaƙa lamarin ga ƙananan kwamfutoci, saboda ya riƙe salon umarnin kwantirolar IBM PC/AT ta 1984, har direba ɗaya ya wadatar da kusan kowa.

Sabar ce ta bi wata hanya dabam. A 1986 ɗin ne hukumar ANSI ta Amurka ta tabbatar da ƙa'idar SCSI, wadda ta tsara yadda kati zai yi magana da faifai amma ta bar kowane kamfani ya zaɓi yadda katinsa zai yi magana da kwamfuta, kuma wannan giɓi shi ne tushen duk abin da ya biyo baya: katin Adaptec yana da direbansa, na BusLogic da nasa, na NCR da nasa. Bayan da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa maƙalarsu ta 1988 a kan RAID, wato dabarar haɗa faifai da yawa su zama kamar ɗaya ta yadda mutuwar guda ba za ta salwantar da bayanai ba, sai katunan suka koma ƙananan kwamfutoci masu zaman kansu, da tasu ƙwaƙwalwar da nasu batirin, suna ɓoye faifan gaske suna nuna wa babbar manhaja faifai ɗaya da suka ƙaga. A daidai wannan lokaci manhajojin sabar suka daina dogaro da BIOS bayan sun tashi, domin hanyarsa tana da jinkiri kuma ba ta dace da gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda ba. Novell NetWare ta kauce wa tarkon da dabara mai sauƙi, tana tashi daga wani ɗan yanki na DOS a faifan sannan ta loda direbanta daga can; Windows NT kuwa, wadda Microsoft ta fitar a 1993, ta ɗauko direban tun a daƙiƙun farko ta hanyar BIOS, sannan ta saki BIOS ɗin gaba ɗaya, wanda ke nufin idan direban da ta ɗauko bai dace ba, babu sauran hanyar komawa. Sakamakon shi ne shuɗin allo mai lamba 0x0000007B da sunan INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, lambar da har yau duk wanda ya jima a wannan sana'a ya haddace ta ba tare da ya yi niyya ba.

Babu abin da ya fi wakiltar wancan zamani kamar maɓallin F6. A Windows 2000 da XP da Server 2003, shirin girkawa yakan nuna wani siririn rubutu a ƙasan allo na 'yan daƙiƙu kaɗan, yana cewa a danna F6 idan akwai direban SCSI ko RAID na wani kamfani, kuma wanda ya danna ba ya ganin wata alama nan take cewa an karɓa, sai can gaba shirin ya tsaya ya nemi a danna S a saka faifan direba. Wanda hankalinsa ya ɗauke a waɗannan daƙiƙu dole ya sake tayar da sabar, abin da kan ci mintuna masu yawa a na'urar da ke ƙidaya ƙwaƙwalwarta da faifanta ɗaya bayan ɗaya kafin ta tashi. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne shirin ba ya karɓar direba daga ko'ina sai fulofi, ɗan faifan nan mai ɗaukar megabayit 1.44, kuma sai a mazubin A, tare da wani fayil mai suna txtsetup.oem da ke bayyana abin da ke ciki. Ana karanta fulofin sau biyu, da farko don shirin ya ga faifai, daga baya kuma don ya kwafi direban cikin sabuwar manhajar, saboda haka wanda ya zare shi da wuri, ko wanda ya yi amfani da mazubin fulofi na USB da ba ya cikin 'yan ƙalilan da shirin ke ganewa a mataki na biyu, yakan ga aikin ya lalace bayan ya zaci ya wuce wurin haɗari. Wannan sharaɗi ya daɗe fiye da kima, domin kamfanoni sun daina saka mazubin fulofi a sababbin sabar tun Server 2003 tana ganiyar aiki, kuma Microsoft ba ta janye tallafinta ga manhajar ba sai a Yulin 2015. Shi ya sa na tsawon shekaru aka riƙa samun tsohon mazubin fulofi da kebul ɗinsa a akwatin kayan aikin injiniyan da ke kula da na'urorin miliyoyin kuɗi.

Masu sana'ar ba su zauna jiran gyara daga sama ba. Wasu sun koyi cusa direba cikin faifan CD na Windows su ƙona sabo, da hannu ko da wata manhaja kyauta mai suna nLite. Kamfanonin sabar kuma suka fito da faifan share fage, SmartStart na Compaq da ServerGuide na IBM da makamancinsu na Dell, waɗanda ake fara tayar da na'ura da su, su shirya RAID, su ajiye direban a inda Windows za ta tsince shi. Katunan sarrafa sabar daga nesa, irin su iLO da DRAC, har fulofin ƙarya suka riƙa ƙagawa ta hanyar sadarwa don kawai a gamsar da F6.

Linux ta gamu da matsalar ta wata fuska. A farkon shekarun 1990 dole direban faifai ya kasance a gine cikin kenel, wato zuciyar babbar manhaja, shi ya sa Slackware, wani nau'in Linux, ta riƙa rarraba tarin fulofin tayarwa, kowanne da kenel ɗin da ya dace da wani rukunin katuna, mai girkawa ya zaɓa ko ya yi ta gwadawa. Mafitar da Werner Almesberger da Hans Lermen suka rubuta a 1996, wadda ake kira initrd, ita ce mafi tsabta da aka taɓa samu: shirin tayarwa yana loda wani ɗan ƙunshi na wucin gadi cikin ƙwaƙwalwa tare da kenel, direbobin da ake buƙata suna cikinsa, daga nan sai a buɗe faifan gaske. Amma ƙunshin shi ma ana iya gina shi babu direban da ya dace, musamman idan an ɗauke faifai daga wata na'ura zuwa wata, sai kenel ya tsaya yana cewa ya kasa hawa tushen fayiloli, wanda shi ne 0x7B na wannan ɓangare. Red Hat ta tanadi faifan direba da ake kira da umarnin linux dd, daga baya inst.dd. Babban abin da ya rage wa Linux wahala dai shi ne shigar direbobi irin su aic7xxx da megaraid_sas da cciss cikin kenel ɗin kansa, inda ake gyara su tare da shi.

Windows Vista da Server 2008 suka binne F6, domin sabon shirin girkawa ƙaramar Windows ce cikakkiya da ke karɓar direba daga filashi ko CD a daidai allon zaɓen faifai. Kayan aikin DISM da ya zo a 2009 ya ba da damar cusa direba cikin fayilolin girkawa, kuma gogaggu sukan cusa shi a wuri biyu, boot.wim da ke gudanar da girkawa da install.wim da ke zama manhajar dindindin, don kada a ga faifai lokacin girkawa a rasa shi a tashin farko. Sababbin tarkuna sun maye gurbin tsofaffi: Windows mai bit 64 tana ƙin direban da ba shi da sa hannun lantarki, kuma saƙon nan na Server 2008 R2 da ke cewa direban CD ko DVD ya ɓace ya ɓatar da mutane da yawa, alhali sau tari laifin na mazubin USB 3.0 ne da manhajar ba ta sani ba, ko na fayil ɗin girkawa da bai sauka daidai ba.

Wanda ya dubi tarihin da kyau zai ga cewa duk lokacin da aka amince da ƙa'ida ɗaya ta magana tsakanin kwamfuta da kwantirola, matsalar takan mutu, sannan wani ya sake tayar da ita don amfanin kasuwancinsa. Ƙa'idar AHCI da Intel ta tsara wa faifan SATA ta sa direba ɗaya ya isa, haka ma NVMe, wadda sigarta ta farko ta fito a 2011, Linux ta karɓe ta a 2012, Windows Server 2012 R2 kuma ta zo da direbanta. Amma a ƙananan sabar an riƙa sayar da abin da masu sana'ar ke kira RAID na bogi, irin su jerin B na HP da jerin S na Dell, inda kwantirolar SATA ce ta yau da kullum aka sauya mata lamba, aikin RAID ɗin kuma yana cikin wani rufaffen direba. Idan babu shi, ko dai a rasa faifan ko a gan su a warwatse. Fasahar VMD da Intel ta kawo tare da Xeon Scalable a 2017 ta ɓoye faifan NVMe a bayan wata ƙofa da ke buƙatar nata direban. Hatta kwamfutocin da manhaja ke ƙagawa a cikin sabar ɗaya ba su tsira ba, domin Windows ba ta ganin faifan virtio na KVM sai an miƙa mata direba daga wani faifan dabam. A mafi yawan waɗannan wurare, kashe RAID na bogi a mayar da kwantirola AHCI, a bar babbar manhaja ta haɗa faifan da kanta, shi ne shawarar da ta fi aminci.

Daga wannan doguwar gwagwarmaya aka gaji tsarin bincike da ba a cika rubuta shi a littafi ba. Tambayar farko ba ta direba ba ce, ita ce ko katin da kansa yana ganin faifan, abin da ake dubawa a shirinsa na ciki, wanda a da ake shiga da Ctrl+R a katunan PERC na Dell, ko F8 a Smart Array na HP, ko Ctrl+A a Adaptec, yanzu kuma a cikin saitin UEFI da ya gaji BIOS. Katin RAID da yawa ba ya nuna komai sai an ƙirƙiri faifan haɗaka, kuma faifan da aka ciro daga wata sabar yakan zo da tsohon tsarin da katin ke ɗauka baƙo, ya ƙi taɓa shi sai an shigo da tsarin ko an goge shi. Tambaya ta biyu ita ce ainihin sunan katin, kuma a nan sunan da ke jikin kwali ba abin dogaro ba ne, saboda kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera guntun, saura suna liƙa tambarinsu ne kawai. Sashen ƙera guntu na NCR ya zama Symbios, LSI ta saye shi a 1998, ta haɗa da MegaRAID na AMI a 2001, Avago ta saye LSI a 2014 sannan ta ɗauki sunan Broadcom. Katunan RAID na Adaptec kuma suka bi ta PMC-Sierra da Microsemi suka ƙare a Microchip. Abin da bai sauya ba shi ne lambar PCI da ke cikin guntun, wadda umarnin lspci -nn ke nunawa, inda 1000 ke nufin zuriyar LSI, 9005 Adaptec, 8086 Intel, kuma da wannan lamba ce babbar manhaja ke haɗa kati da direbansa.

A 'yan shekarun nan lamarin ya juya baya. A da katin ne ya fi manhaja sabunta, yanzu manhajar ce ke yar da tsofaffin katuna da gangan. An cire cciss daga kenel na Linux a 2017 aka bar direban hpsa ya ɗauki nauyin. Red Hat Enterprise Linux 8 ta 2019 ta goge lambobin katunan LSI da yawa daga direbobinta, ciki har da guntun SAS2008 da waɗanda ke cikin PERC 6/i da H700, duk da cewa direbobin suna nan kuma katunan lafiyarsu ƙalau. VMware ESXi 7.0 ta 2020 ta watsar da tsarin direbobi na vmklinux, tsofaffin katuna masu yawa suka tafi tare da shi. 'Yan sa kai na ELRepo ne suka riƙa haɗa faifan direba da ke mayar da lambobin da Red Hat ta goge, aikin da ya ceci na'urori da yawa daga bola. Kamfanonin suna da hujjar cewa ba za su iya gwada kowane tsohon kati har abada ba, amma nauyin wannan shawara yana sauka ne a kan masu ƙaramin ƙarfi, irin makarantu da asibitoci da ƙananan kamfanonin intanet na Najeriya da Nijar, waɗanda sau da yawa sabar ta hannu da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka ce kaɗai aljihunsu ke iya ɗauka. Duk wanda zai sayi irin wannan na'ura, ya nemi mai sayarwa ya tayar da ita a gabansa, ya karanta lambar PCI ta kwantirolarta, ya duba ta a jerin na'urorin da manhajar da yake nufin girkawa ke tallafa wa, kafin ya biya ko sisi.