Kuru: tarihin cutar da jaridu suka kira "mutuwa mai dariya"

A shekarar 1957, a tsaunukan gabashin tsibirin Sabuwar Gine, lokacin da yankin yake hannun Ostiraliya, wani likitan gwamnati mai suna Vincent Zigas ya kai wani matashin likita Ba'amurke, Carleton Gajdusek, ƙauyukan ƙabilar Fore da ke kewayen Okapa. Mata suka tarar zaune a ƙofar bukkoki, jiki na ɓari, ba su iya tsayuwa sai da sanda. Wasunsu sukan kece da dariya ba tare da an faɗi abin dariya ba, jim kaɗan kuma su ɓarke da kuka. Mutanen Fore suna kiran ciwon kuru, wato karkarwa. Jaridun Turai da Amurka kuwa dariyar suka riƙe, suka laƙaba masa "mutuwa mai dariya".

Sunan ya sayar da jarida, amma ya ɓoye gaskiya. Dariyar ba ta farin ciki ba ce. Cutar tana cin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, wadda ke daidaita tafiya da motsin gaɓoɓi, sannan ta kwance linzamin da ke riƙe dariya da kuka, har fuska ta daina bin abin da ke cikin zuciya. Mai ciwon yakan fara da tangaɗi, ya kai ga kasa zama da kasa haɗiya, ya mutu cikin kamar shekara guda. A ƙarshen shekarun 1950, kimanin mutum 200 ke mutuwa kowace shekara, galibinsu mata da yara. Marayu suka cika gidaje, samari suka rasa matan aure.

Kowa ya ba da tasa fassarar. Mutanen Fore sun ɗauka sammu ne, har aka riƙa kashe mazajen da ake zargi da aikata shi. Likitoci kuma, ganin yadda ciwon ke bin dangi, sai suka karkata ga cewa gado ne.

Waɗanda suka kwance wannan ƙulli masu nazarin al'adu ne. A 1961 Robert Glasse da Shirley Lindenbaum suka zauna cikin Fore, suna sauraron tsofaffi, suna rubuta salsalar iyalai. Tsofaffin suka ce kakanninsu ba su san kuru ba. Daga arewa ya shigo wajen farkon ƙarni na 20, ya riƙa gangarowa kudu ƙauye bayan ƙauye, kuma suna iya faɗin sunayen matan da suka fara mutuwa da shi. Cutar gado ba ta yaɗuwa haka cikin ƴan shekaru. Salsalar ta kuma nuna cewa da yawa daga masu kiran juna ƴan'uwa ba jini ne ya haɗa su ba, zama ne. Abin da ya haɗa su shi ne al'adar makoki: idan mutum ya rasu, matan danginsa sukan ci naman gawarsa don girmama shi da sallamar ruhinsa. Ƙwaƙwalwa rabon mata ce da ƙananan yaran da ke tare da su, manyan maza ba su cika ci ba. Ke nan ta hanyar riƙon zumunci ajali ya riƙa bin mata.

Ɗakin gwaji ya ƙarasa sauran. Tun a 1959 wani likitan dabbobi, William Hadlow, ya lura ƙwaƙwalwar masu kuru ta yi kama da ta tumaki masu wata cutar ƙaiƙayi da tangaɗi. Aka sa wa birai irin na shimfanze ruwan ƙwaƙwalwar mamata a 1963, a 1965 suka kamu. Gajdusek ya sami kyautar Nobel a 1976. A 1982 Stanley Prusiner ya bayyana cewa mai haddasa irin waɗannan cututtuka wani furotin ne da ya naɗe a karkace, ya raɗa masa suna firiyon, shi ma ya karɓi Nobel a 1997.

Al'adar ta mutu wajen 1960, saboda hanin gwamnati da wa'azin ƴan mishan, kuma ba a sami wanda aka haifa bayan nan da ya kamu ba. Amma ciwon mai doguwar kwanciya ne. Daga 1957 zuwa 2004 ya kashe fiye da mutum 2.700, kuma 11 da aka gano tsakanin 1996 da 2004 duk kafin al'adar ta mutu suka ɗauke shi, wasu wataƙila fiye da shekara 50 baya. Da cutar haukan shanu ta bayyana a jikin mutane a Ingila a 1996, wurin Fore masana suka koma don su san tsawon lokacin da irin wannan ciwo ke iya ɓoyewa.

Baƙon da ya tsaya daga nesa dariya ya gani, ya sa mata suna. Wanda ya zauna ya saurari tsofaffi shi ya gano ta inda cutar ta shigo.