La Loire à Vélo: hanyar keke ta kilomita 900 a bakin kogi mafi tsawo a Faransa

La Loire à Vélo suna ne na wata doguwar hanya da aka keɓe wa masu yawon buɗe ido a kan keke a ƙasar Faransa. Tana bin gaɓar kogin Loire, wanda tsawonsa ya ɗara kilomita 1,000, tun daga ƙauyen Cuffy da ke kusa da birnin Nevers a tsakiyar ƙasar har zuwa Saint-Brevin-les-Pins, inda kogin yake faɗawa tekun Atlantika. Idan aka haɗa da rassanta, tsawon hanyar ya kai kimanin kilomita 900. Abin da ya sa ta yi suna shi ne kusan dukanta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take, hawa da gangara kaɗan ne, saboda haka yara da dattawa ma suna iya bin ta.

Asalin hanyar

Jihohi biyu ne suka haɗa kai suka ɗauki nauyin aikin, wato Centre, wadda a yau ake kira Centre-Val de Loire, da kuma Pays de la Loire. An tsayar da shawarar a 1995, aka buɗe sashe na farko a 2005, aka kammala a 2012. Manufar ita ce a jawo baƙi zuwa ƙauyukan da manyan titunan mota suka kauce musu. Mai mota yana iya wuce ƙauye goma bai tsaya ba, amma mai keke dole ya ci abinci, ya sha ruwa, ya kwana a inda dare ya riske shi, kuɗinsa kuma a hannun mai burodi da mai masauki na ƙauyen suke tsayawa.

Hanyar ita ce ɓangaren yamma na EuroVelo 6, wadda ta ratsa ƙasashen Turai 10, ta bi kogunan Rhin da Danube, ta ƙare a birnin Constanta na Romaniya a bakin Bahar Aswad.

Jingar da keke ke bi

Kogin Loire yana gudana ne a cikin fadama mai faɗi, kuma tun fil azal yakan cika ya shafe gonaki. Don haka mutanen yankin suka daɗe suna tayar da jinga a gefensa. A ƙarni na 12, Sarki Henri na biyu, wanda ya mulki Ingila da yankin Anjou a lokaci guda, ya sa aka ƙarfafa babbar jingar da ke tsakanin Saumur da Angers, aka zaunar da mutane a kanta domin su riƙa kula da ita. Duk da haka ruwa ya fasa jinga a wurare da dama a manyan ambaliyoyin 1846 da 1856 da 1866. Har yau ana ganin alamun inda ruwan ya kai an sassaƙa su a jikin gadoji da bangon gidaje.

A kan waɗannan jingogi aka shimfiɗa babban ɓangare na hanyar keken. Mahayi yana tafe a bisa, kogi a hannu ɗaya, gonakin masara da kayan lambu a ɗaya hannun. Wasu sassan an hana mota shiga gaba ɗaya, wasu kuma ƙananan hanyoyin karkara ne da motoci kaɗan ke bi. Galibi kwalta ce, a wasu wurare kuma tsakuwa ce da aka daddaɓe.

Zango-zango daga gabas zuwa yamma

Cuffy zuwa Orléans: tafiya tana farawa ne kusa da mahaɗar kogin Allier da Loire. Ana wuce gindin tudun Sancerre mai gonakin inabi, sannan a iso Briare, inda wata gada mai tsawon mita 662 take ɗauke da mashigin jiragen ruwa ta ƙetare da shi saman kogin. An buɗe ta a 1896, kuma kamfanin Gustave Eiffel yana cikin waɗanda suka gina ta.

Orléans zuwa Tours: nan ne yankin fadojin sarakuna. Wani reshe na hanyar yana kaiwa fadar Chambord, wadda Sarki François na ɗaya ya sa aka fara ginawa a 1519. Daga nan sai Blois da Amboise, garin da mai zanen nan Leonardo da Vinci ya rasu a cikinsa a wannan shekarar. A 2000 hukumar UNESCO ta sanya kwarin Loire, tsakanin Sully-sur-Loire da Chalonnes-sur-Loire, a jerin wuraren tarihi na duniya.

Tours zuwa Angers: a kewayen Saumur akwai farin dutse mai taushi wanda aka haƙa aka gina fadojin da shi. Ramukan da aka bari sun zama gidajen zama da ɗakunan ajiya, a wasu kuma ana noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci.

Angers zuwa teku: kogin yana ƙara faɗi, tsibirai suna yawaita. Birnin Nantes shi ne tashar Faransa da ta fi kowace tura jiragen cinikin bayi zuwa gaɓar Afirka a ƙarni na 18, kuma a 2012 an buɗe wurin tunawa da soke bauta a bakin kogin, daf da inda masu keke ke wucewa. Bayan Nantes ana iya ƙetarewa a jirgin fito a Le Pellerin, daga nan sai fadamu da makiyayar shanu har Saint-Brevin-les-Pins.

Mahayi zai kuma ga tashoshin wutar lantarki na nukiliya guda 4 a bakin kogin: Belleville, Dampierre, Saint-Laurent-des-Eaux da Chinon, waɗanda ke sanyaya injunansu da ruwan Loire. Shekaru da dama a baya, wani kaso na uranium ɗin da Faransa ke sarrafawa don irin waɗannan tashoshi daga ma'adinan Arlit na arewacin Nijar ya riƙa fitowa.

Lokaci da alƙiblar tafiya

Daga watan Mayu zuwa Satumba ne aka fi bin hanyar. A Yuli da Agusta jama'a sukan yi yawa, masaukai su cika, zafin rana kuma yana iya tsananta a kan jinga inda inuwa ba ta da yawa. Wanda ke yin kilomita 50 zuwa 60 a yini zai buƙaci kamar mako biyu kafin ya kai ƙarshe, amma yawancin mutane zango biyu ko uku suke zaɓa.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa iska ce ke wahalar da mai keke. A kwarin Loire ta fi busowa daga yamma, wato daga teku. Wanda ya bi kogin zuwa teku yakan sha iska a fuska, wanda ya taso daga teku ya nufi gabas kuwa sau da yawa tana tura shi ta baya.

Masauki, jirgin ƙasa da doka

Otal-otal, wuraren kafa tanti da shagunan haya masu ɗauke da tambarin Accueil Vélo suna cikin tazarar da ba ta wuce kilomita 5 daga hanyar ba, kuma sun yi alkawarin samar da wurin kulle keke da kayan gyara. Layin dogo yana tafiya kusa da kogin, kuma a lokacin hutun bazara jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Orléans, Tours, Angers, Nantes da Le Croisic suna da wurin ɗora kekuna. Wannan ya sauƙaƙa wa ɗalibai da ma'aikata mazauna waɗannan birane: mutum ya tafi a keke da safe, ya dawo a jirgi da yamma.

Dokar Faransa ta tilasta wa kowane keke samun birki biyu, ƙararrawa da fitilu. Tun 2017 dole ne yaron da bai kai shekara 12 ba ya sa hular kwano, ko shi ke tuƙi ko an goyo shi. Da dare a wajen gari kuma dole a sa riga mai ƙyalli. Yana da kyau a tafi da famfo da kayan faci, da guzurin yini, domin a ƙananan ƙauyuka kantuna sukan rufe da tsakar rana da kuma yammacin Lahadi.

Haɗarin kogin

A lokacin zafi ruwan Loire yakan janye, yashi ya fito fili, kogin ya yi kamar yaro ma zai iya ratsa shi da ƙafa. Amma ruwa yana ci ta ƙarƙashin yashin, bakinsa yana iya zaftarewa da mutum ya jefa shi cikin zurfi. A watan Yulin 1969 yara 19 sun nutse ta haka a Juigné-sur-Loire kusa da Angers. Shi ya sa aka hana wanka a mafi yawan sassan kogin, sai a wuraren da hukuma ta keɓe ta sa masu tsaro.

A ƙarshen hunturu da farkon bazara kuwa ruwa yakan hau ya rufe sassan hanyar da ke ƙasa da jinga. Hukumomin yankin suna kafa alamun kaucewa, shafin intanet na gwamnati mai suna Vigicrues kuma yana nuna matakin ruwan kogin a kowace tasha. Ana shawartar matafiyi ya duba shi kafin ya bar masauki da safe.