Law & Order a Shekara 35: Daga Caji Ofis Zuwa Gaban Alƙali

A daren Alhamis, 13 ga Satumba 1990, gidan talabijin na NBC a Amurka ya haska kashi na farko na wani wasan kwaikwayo da manyan gidaje biyu suka riga suka juya wa baya. Sunansa Law & Order, wato doka da oda. A Satumbar 2025 ya cika shekara 35, ya haye kashi 500 tun a 2024, kuma har gobe masoyansa ba su gama gardama kan wane ne gwani cikin 'yan sandansa da lauyoyinsa ba.

Mai shirin, Dick Wolf, haifaffen New York ne a 1946. Da rubuta tallace-tallace ya fara cin abinci, daga baya ya shiga rubuta wa shirye-shiryen 'yan sanda irin su Hill Street Blues da Miami Vice. A can ya ga yadda ake cika labari da soyayya da tseren motoci da harbe-harbe, shi kuma ya ƙudurta yin wanda babu ko ɗaya daga ciki. Tsarinsa mai sauƙin faɗa ne. A rabin farko na awa guda 'yan sanda su binciki laifi su kama wanda ake zargi, a rabi na biyu lauyoyin gwamnati su gurfanar da shi. An taɓa gwada makamancin haka a 1963 da shirin Arrest and Trial, amma a can lauyan da ke kare wanda ake tuhuma ne gwarzo, kamar yadda aka saba tun zamanin shirin Perry Mason. Wolf ya juya abin, ya ba mai gabatar da ƙara jarumtar.

Gidan Fox ne ya fara amincewa da kashi 13, sai shugabansa Barry Diller ya sauya shawara. CBS ta biya aka ɗauki kashin gwaji a 1988, ta kalla, ta ce ba ta so. Sai da Brandon Tartikoff da Warren Littlefield na NBC suka gani sannan aka samu mai riƙo. Wancan kashin gwaji ma bai zama na farko ba, a na shida aka saka shi.

Wolf ya kafe a kan cewa a titunan New York za a yi ɗauka, ba a ɗakunan Los Angeles da aka yi wa fenti ba, kuma a lokacin birnin ba wurin wasa ba ne. A shekarar 1990 kaɗai an kashe mutum 2,245 a cikinsa, adadin da bai taɓa kaiwa ba kafin nan ko bayan nan. Da kyamara a kafaɗa aka riƙa bin 'yan wasa cikin sanyi da cunkoso, har hoton ya fi kama da rahoton labarai. Labaran kuwa daga kanun jaridu ake tsinto su, a sauya suna, a karkatar da ƙarshen. Aka kuma kafa doka a ɗakin marubuta cewa ba a bin jami'i zuwa gidansa. Abin da ɗan kallo zai sani game da auren ɗan sanda ko bashin da ke kansa, daga bakinsa zai ji a mota ko wajen sayen kofi, jimla ɗaya a wuce. Mike Post ya haɗa kiɗan, shi ne kuma ya ƙirƙiro wannan sauti mai bugu biyu da ke raba fage da fage, wanda yau ko wanda bai taɓa kallon shirin ba ya san shi. Muryar Steven Zirnkilton ce ke buɗe kowane kashi da bayanin cewa rukuni biyu ne ke wakiltar jama'a a harkar shari'ar laifuka.

Mutum shida aka fara da su, duka maza: George Dzundza da Chris Noth a titi, Dann Florek a matsayin kyaftin na caji ofis na 27 (wanda babu shi a zahiri), sai Michael Moriarty da Richard Brooks a kotu, da Steven Hill a kujerar babban mai gabatar da ƙara na Manhattan, Adam Schiff. Shekarun farko 'yan kallo ba su taka kara sun karya ba. A 1993 NBC ta ce ko a sa mata ko a rufe, dole Wolf ya sallami Florek da Brooks. Abin ya yi ciwo, amma ta wannan ƙofa S. Epatha Merkerson ta shigo a matsayin Laftana Anita Van Buren, ta zauna zango 17, tare da Jill Hennessy a matsayin lauya Claire Kincaid. Florek ma bai yi asara ba, ya dawo da kyaftin ɗinsa a wani reshen shirin bayan shekara shida.

Duk wanda ya ce yana son shirin nan, idan ka bi diddigi, shekarun 1992 zuwa 2004 yake nufi, wato zamanin Lennie Briscoe. Jerry Orbach, wanda ya fito a wannan matsayi, tsohon hannu ne a dandalin Broadway, mawaƙi mai lambar yabo ta Tony tun 1969, amma a talabijin sai ya koma dattijon ɗan sanda mai gajiyayyar fuska da tsohuwar kwat, wanda ya daina shan giya bayan ta ci masa aure biyu. Ga al'adarsa: a tsaya kan gawa, a gama dube-dube, sai ya saki wata baƙar magana mai ban dariya da ɗaci lokaci guda, kiɗa ya tashi. Bai cika zare bindiga ba. Aikinsa ƙwanƙwasa ƙofa ne, da tambayar mai gadi da direban tasi da mai sayar da jarida, waɗanda ba sa ma dakatar da aikin hannunsu don amsa masa. 'Yan sandan birnin na gaske sun ɗauke shi nasu. Da ya rasu a Disambar 2004 an rage hasken fitilun Broadway don girmama shi, daga baya aka sa wa wata kusurwa a titi na 53 sunansa.

A ɓangaren kotu ne masoya suka rabu gida biyu, kuma rabuwar ba ta ɗinke ba. Ben Stone na Moriarty mutum ne mai sanyin murya da tsoron ketare iyaka, wanda in ya yi nasara ma sai ka ga kamar abin ya dame shi. Moriarty ya tafi a 1994 bayan ya yi fito-na-fito da ministar shari'a Janet Reno kan yunƙurin taƙaita tashin hankali a talabijin. Shi da Wolf kowa da yadda yake ba da labarin tafiyar, kuma ba wannan ne ya dami ɗan kallo ba. Wanda ya gaje shi, Jack McCoy na Sam Waterston, wuta ne: ɗan ɗan sanda, mai hawa babur, mai lanƙwasa doka har ta kusa karyewa in dai zai ɗaure wanda ya yi imani mai laifi ne. 'Yan Stone suna cewa da zuwan McCoy shirin ya bar tambayar mene ne adalci ya koma neman nasara. 'Yan McCoy suna cewa ai shi ne mutum na gaske, mai kuskure da girman kai, kuma jawabinsa na ƙarshe gaban mutum 12 masu yanke hukunci shi ne abin da ake jira duk mako. Ni dai ina ganin ɓangarorin biyu sun manta da wanda ke riƙe da ɗakin, wato Schiff. Steven Hill ba ya wuce minti biyu ko uku a kashi, yana zaune ya ɗaure fuska, ya saurari doguwar muhawara, ya yanke ta da kalma huɗu: a je a sasanta. An gina halinsa a kan Robert Morgenthau, wanda ya riƙe wannan ofishi na gaske daga 1975 zuwa 2009. Hill kansa mutum ne mai riƙo da addininsa na Yahudanci, har ya taɓa rasa jagorancin shirin Mission: Impossible saboda ba ya aiki ranar Asabar. Wannan taurin kai ya bayyana a fuskar Schiff.

Akwai kuma ƙananan gardandami. Mike Logan na Chris Noth mai zafin zuciya, ko Rey Curtis mai bin ƙa'ida, ko Ed Green, wa ya fi dacewa da Briscoe? Claire Kincaid mai adawa da hukuncin kisa, ko Abbie Carmichael 'yar Texas da ke ganin McCoy ma ya cika sassauci? Kashin da ya rufe zango na shida a 1996, Aftershock, shi ne ya karya dokar gidan da gangan. Babu bincike, babu shari'a, sai bin jaruman bayan sun halarci zartar da hukuncin kisa, kowa da yadda abin ya girgiza shi, har wani direba da ya bugu ya yi ajalin Kincaid. Wasu na cewa babu kashin da ya kai shi, wasu na cewa ba Law & Order ba ne sam. Duka biyun suna da gaskiya.

A 1997 shirin ya ci lambar Emmy ta wasan kwaikwayo mafi kyau, cikin shekara 11 a jere da aka sa shi takara. Amma abin da ya fi lambar amfani shi ne maimaici. Tun da tashar A&E ta fara sake haska tsofaffin kashi a 1994, daga baya TNT ta karɓa, sai aka gane hikimar tsarin Wolf: tunda kowane kashi na tsaye da ƙafarsa, ana iya shiga daga ko'ina, da rana ko tsakar dare. Rassa suka biyo baya. Special Victims Unit ya fara a 1999 da Mariska Hargitay da Christopher Meloni, Criminal Intent a 2001 da Vincent D'Onofrio, aka yi na Ingila daga 2009 zuwa 2014, aka yi na Faransa da Rasha. A 2004 birnin New York ya sa wa hanyar shiga ɗakunan ɗauka na Chelsea Piers sunan shirin. Da wuya ka buɗe takardar tarihin ɗan wasan dandali a birnin ba ka ga ya taɓa fitowa a matsayin shaida ko alƙali ko gawa ba.

Bayan Briscoe an ɗan yi tangal-tangal. An yi ta sauya fuskoki, an kai shirin daren Juma'a, Fred Thompson ya ajiye kujerar babban lauya a 2007 ya tafi neman shugabancin ƙasa. Zangunan ƙarshe da Linus Roache da Alana de la Garza sun dawo da kaifi, amma a Mayun 2010 NBC ta rufe shi a kashi na 456, ya yi kunnen doki da shirin Gunsmoke a zango 20. Lissafin kuɗi ne ya kashe shi, ba ƙarewar labari ba. Reshensa na Hargitay ya wuce wancan tarihi a 2019, uwar shirin kuma ta dawo ranar 24 ga Fabrairu 2022.

Ta dawo cikin wata Amurka dabam, bayan kisan George Floyd a 2020. Masu suka, ciki har da John Oliver a shirinsa na 2022, sun ce shirin ya shafe shekaru yana wanke 'yan sanda, yana nuna kamar kullum mai laifin ake kamawa, kuma kamar kowace ƙara tana kaiwa gaban masu yanke hukunci, alhali fiye da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifi a ƙasar ta hanyar amsa laifi don samun sassauci ake yin sa. Maganar tana da nauyi. Sai dai wanda ya kalli tsofaffin zanguna ya san sau nawa alƙali ke watsi da hujja saboda ɗan sanda ya shiga gida ba takardar izini, sau nawa mai kuɗi ke fita yana murmushi, da yadda Van Buren, baƙar fata mace, ta kai hukumarta ƙara kan hana ta ƙarin girma ta kuma ɗanɗana kuɗarta. Miliyoyin mutane a nan suka fara jin cewa wanda aka kama yana da ikon yin shiru da neman lauya, kuma ikirarin da aka tatsa da tilas ba hujja ba ne. Hargitay ma wasiƙun matan da aka ci zarafinsu ne suka sa ta kafa gidauniyar Joyful Heart a 2004, wadda ta matsa lamba a gwada dubban kayan shaidar fyaɗe da aka jibge a ma'ajiyar 'yan sanda ba a taɓa ba.

Tsofaffin masoya suna ƙorafin cewa sabon zubin ya yi haske da yawa, maganganun sun zama wa'azi, babu mai barkwancin Briscoe. Da Waterston ya yi sallama a Fabrairun 2024 bayan kashi sama da 400, Tony Goldwyn ya hau kujerar babban mai gabatar da ƙara, wasu sun rantse sun daina kallo. An yi irin wannan rantsuwa a 1994 da 2004. Shiri ne da babu ko mutum ɗaya daga cikin shidan farko da ya kai zango na 11 da shi, kuma bai faɗi ba, don Wolf tun farko bai jingina shi a kan fuskar kowa ba. A lokacin da yawancin sababbin shirye-shirye ke neman ka ba su awa goma kafin su faɗa maka abin da ya faru, har yanzu akwai wanda zai ɗauko rigimar da ake yi a jaridun wannan watan, ya ba kowane ɓangare lauya mai baki, ya kammala cikin minti arba'in da 'yan kai. Wanda bai taɓa gani ba, ya fara daga zango na biyar, inda Briscoe da Logan ke titi, McCoy da Kincaid ke kotu, Van Buren da Schiff ke zaune a ofis. Shekara guda kacal waɗannan shida suka yi tare.