Hanyar Kuba: tarihin ɗalibanmu da harshen Sifaniyanci



Duk shekara in sakamakon BAC ya fito, zancen iyaye a nan ƙasar Kance ɗaya ne: ina yaro zai dosa? Wasu Damagaram, tun da aka buɗe jami'a can a 2010, wasu Yamai, wasu su ƙetare Ɗan Barto su yi Kano. Mai rabon samun bursu kuwa sai Aljeriya ko Maroko. Amma akwai wata hanya da ba a cika tuna ta ba, ita ce hanyar Kuba, inda ɗalibi kan zauna kamar ɗan aji ɗaya ya koyi sabon harshe kafin a buɗe masa littafin farko.

Abin ya samo asali tun 1977, lokacin da gwamnatin Fidel Kastro ta fara karɓar yara daga Mozambik da Angola a wani tsibiri da ake kira Isla de Pinos. A 1978 aka sauya masa suna ya koma Isla de la Juventud, wato Tsibirin Matasa. Daga baya 'yan Habasha da Namibiya da Gana suka bi sahu. Rabin yini a aji, rabin yini a gonakin lemo, haka tsarin yake.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na maƙwabtanmu. A 1986 Toma Sankara ya tura yara 600 daga Burkina Faso, mafi yawa marayu da 'ya'yan talakawa, 135 daga cikinsu mata. Ba wanda ke jin Sifaniyanci a cikinsu ranar da suka sauka. Suna tsakar koyo, ranar 15 ga Oktoba 1987, aka kashe wanda ya tura su. Allah sarki. Suka dai ƙarasa karatun, suka fara komawa gida a shekarun 1990 da sana'o'i a hannu, sai suka tarar ba mai jiran su. Takardun shaidar da suka zo da su an rubuta su da Sifaniyanci, hukuma ta ƙi daidaita su da na ƙasa yadda ya kamata, da yawa suka shekara da shekaru ba aikin yi. A ganinmu wannan ita ce tambayar farko da ya kamata uba ya yi kafin ya sa hannu: in yaron ya dawo, wa zai karɓi takardar?

Ƙofa ta biyu ta buɗe ne a Nuwamba 1999. Bayan guguwar Mitch ta yi ɓarna a tsakiyar nahiyar Amurka a 1998, Kuba ta mai da wata tsohuwar makarantar sojan ruwa da ke yamma da Habana ta zama makarantar likitanci ta ELAM, kyauta ga 'ya'yan marasa ƙarfi. Da farko don 'yan yankin aka yi ta, sannan aka buɗe wa Afirka. 'Yan Nijar ma sun yi karatun likita a Kuba, kamar yadda likitocin Kuba suka yi aiki a asibitocin ƙasarmu. Karatun shekara shida ne, amma wanda bai iya harshen ba sai ya fara da watanni na Sifaniyanci zalla, sannan share fage na kimiyya.

To yaya koyon yake ga Bahaushe? Gaskiya muna da sa'a a nan. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana furta su kamar yadda muke yi a rubutun boko. Kusan abin da aka rubuta shi ake faɗa, ba kamar Faransanci ba da za a jera maka haruffa a ce rabinsu ba a karanta su. Harafin r mai kaɗawa da ke wahalar da Bafaranshe, mu da shi muka tashi. Harafin j nasu kuma daga maƙogwaro yake fitowa, duk wanda ya yi makarantar allo ya san hanyarsa. Faransancin lekol shi ma yana taimakawa, don harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne, daga Latin suka fito. Inda gizo ke saƙa shi ne kan titi: mutanen Kuba suna magana da sauri, suna haɗiye harafin s, har ɗalibin da ya ci jarrabawa a aji ya je kasuwa ya tsaya yana kallon baki.

Wani abin da ke ba ɗalibi mamaki shi ne jin kalmomin gida a bakin baƙi. Magajin gari su alcalde suke ce masa, asalinsa ɗaya da alƙalinmu. Azúcar shi ne sukari, aceituna zaitun, hasta kuwa hatta ce. In suna fatan alheri sai su ce ojalá, da sunan Allah a ciki, ko sun sani ko ba su sani ba. Dalili shi ne Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492. Kuma kar mu ɗauka ba ruwanmu da wancan tarihi. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Garnaɗa ne, littafinsa da aka buga a 1550 ya kawo bayanin Agadas da Gobir da Kano da Katsina. Shi ma Judar Basha da ya karya daular Songhai a Tondibi a 1591, a ƙasar Sifaniya aka haife shi.

Zaman kansa ba sauƙi. Abincin yau da kullum shinkafa ce da baƙin wake, wadda ba ta yi nisa da shinkafa da wakenmu ba, har suna mata laƙabi da moros y cristianos, wai Musulmi da Kirista a kwano ɗaya. Matsalar ita ce nama, don alade ne kan gaba a can, dole ɗalibi Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya kai loma. Masallacin da jama'ar Habana ke taruwa a ciki sai 2015 aka buɗe shi, kafin nan a ɗakuna ake haɗa sahu. Intanet a wayar hannu kuma sai Disamba 2018. Waɗanda suka tafi kafin lokacin, jin muryar uwa a Matameye ba abin kowane mako ba ne. Yanzu kuma tattalin arzikin tsibirin ya shiga wani hali, a Oktoba 2024 wuta ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya, don haka ɗan guzurin da ake aikawa daga gida ya ƙara muhimmanci.

In an dawo, sai wani sabon aikin. Likita ya koyi sunan kowace cuta da Sifaniyanci, zai rubuta takardar magani da Faransanci, ga tsohuwa daga Yawuri ko Dungas tana yi masa bayanin ciwonta da Hausa.

Ita Sifaniya kanta ta makara wajen waiwayo mu. Sai bayan 2006, shekarar da mutum sama da 30,000 suka isa tsibiran Kanari cikin kwale-kwale, ta ƙara yawan ofisoshin jakadancinta a Afirka ta Yamma, har da na Yamai. Cibiyar Cervantes mai koyar da harshen, wadda aka kafa a 1991, ba ta buɗe cikakken reshe a kudu da Sahara ba sai Disamba 2021, shi ma a Dakar.