Daga Balin Zuwa Niyok: Yadda Turawa Suka Shigo Ƙasarmu Da Yadda Suka Fita

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk lokacin da ranar 1 ga Oktoba ta zagayo, mutanen Zamfara biki biyu suke yi: na samun 'yancin kan Nijeriya a 1960, da na samun jiharsu a 1996. Sai dai da yawa daga cikin 'ya'yanmu da suka tashi a Kano da Kaduna da Abuja da Ikko sun ɗauka labarin mulkin mallaka abu ne da ya faru can nesa da gida. Alhali kuwa rundunar da ta ci Sakkwato ta Ƙauran Namoda ta bi, iyakar da Turawa suka shata tana nan arewa da Zurmi da Shinkafi, kuma layin dogon da suka shimfiɗa a Ƙaura ya tuƙe. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun yadda aka yanke wa ƙasarmu hukunci a wasu zauruka na nesa, da yadda duniya ta taru daga baya ta warware shi, da kuma abin da aka bari ba a warware ba.

Rabon da aka yi babu mu

Daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 ƙasashen Turai suka zauna a birnin Balin na Jamus, suka tsara ƙa'idojin da za su bi wajen mamaye Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba. Babu ɗan Afirka ko ɗaya a zaman. A wancan lokaci Ƙaura da Zurmi da ƙasar Shinkafi suna ƙarƙashin Daular Usmaniyya, kuma Ƙaura na ɗauke da sunan Namoda, ɗaya daga cikin jaruman da suka ci Alƙalawa a 1808.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne cinikin da ya biyo baya tsakanin Ingila da Faransa. A 1890 suka ja layi daga Sayi, a bakin kogin Kwara, zuwa Tafkin Cadi. A 1898 suka sake zama a Paris, suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, abin da ya sanya Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi a rabon Ingilishi. Da Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa daga Yamai zuwa Damagaram, sai suka nemi gyara. A yarjejeniyar 1904 Ingila ta matso da iyakar kudu ta bar musu garuruwan nan, su kuma suka saki haƙƙin kamun kifi da suke da shi a gaɓar wani tsibiri da ke cikin ƙasar Kanada a yau. Wato da kifin wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba aka yi musayar Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kakkafa turaku, aka raba Gobir biyu, Sabon Birni a nan, Tsibiri a can.

Shekarar 1903

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarkin Kano Alu yana Sakkwato da yawancin mayaƙansa. A kan hanyarsu ta komawa, cikin ƙasar Zamfara, Sarki ya rabu da rundunar. Waziri Ahmadu ya ja wani sashe nata ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen watan, aka kashe shi a fagen fama. Rundunar Janar Kembal da Kanar Molan ta yada zango a Ƙauran Namoda, daga nan ta nufi yamma, ta haɗu da wata da ta taso daga Argungu. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya, Sakkwato ta faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a suna barin gonakinsu suna bin sa, har aka cim masa a Burmi cikin Yuli.

Mulkin da ya biyo baya ta hannun sarakuna aka gudanar da shi: Razdan a Sakkwato, Di'o yana rangadi, hakimi da dagaci suna tara haraji da jangali. Da yake da tsabar kuɗin Bature ake biyan haraji, dole manomi ya noma abin da Bature ke saye. Dalilin da ya kawo dogo ke nan daga Zariya ta Gusau, ya iso Ƙaura a 1929, domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Makarantu kuwa ba su zo da irin wannan gaggawa ba, kuma za mu ga yadda wannan giɓi ya zame wa Arewa ƙarfen ƙafa ranar da aka zo maganar mulkin kai.

Yadda iska ta juya

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya karya ƙashin bayan mulkin mallaka. A Agusta 1941 Firayim Ministan Ingila Cocil da Shugaban Amurka Rusbel suka fitar da Sanarwar Atlantika, wadda ta amince cewa kowace al'umma na da haƙƙin zaɓen irin gwamnatin da za ta mulke ta. Ko wata guda ba a yi ba Cocil ya gaya wa majalisarsa cewa ƙasashen Turai da Hitila ya mamaye ake nufi. To amma magana zarar bunu ce. A 1943 wata tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma ta je Landan, inda Namdi Azikiwe ya miƙa takardar neman mulkin kai cikin shekara 15, yana kafa hujja da sanarwar. Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, yana cikin tawagar, sai dai bai sa hannu a takardar ba. Tun daga nan aka fara ganin cewa Kudu da Arewa ba gudu ɗaya suke yi ba.

A daidai lokacin, samarin Arewa suna yaƙi a dazuzzukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, wasu kuma an tilasta musu aikin haƙar kuza a Jos. Waɗanda suka dawo daga Bama sun ga Bature yana jin tsoro, yana jin yunwa, yana mutuwa kamar kowa, sun kuma ga Indiyawa suna neman 'yancin da suka samu a 1947.

A 1945 aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasashe 51, huɗu kacal daga Afirka: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Kimanin mutum miliyan 750, kusan sulusin jama'ar duniya, suna ƙarƙashin mulkin mallaka. Kundin Majalisar ya ambaci haƙƙin al'ummomi na zaɓa wa kansu makoma, babinsa na 11 kuma ya wajabta wa masu mallaka su riƙa kai rahoto kan ƙasashen da ke hannunsu. A shekarar aka yi taron 'yan kishin Afirka a Manchesta, wanda Kwame Nkuruma da Jomo Kenyata suka halarta. A Afrilu 1955 ƙasashen Asiya da Afirka 29 suka haɗu a Bandun ta Indunisiya suka la'anci mulkin mallaka kowane iri. Gana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, birnin Akara ya zama matattarar masu fafutika.

Gardamar cikin gida

Guguwar ta tarar da Arewa da ra'ayi biyu. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, tana ganin 'yancin da bai raba talaka da zaluncin En'e ba, canjin ubangida ne kurum. Jam'iyyar NPC kuwa tana tsoron kada Bature ya tafi alhali Arewa ba ta da isassun ma'aikata, a wayi gari 'yan Kudu sun gaje kujerunsa. Shugabanta, Sardauna Ahmadu Bello, ya san ƙasarmu ciki da bai, domin tun 1938 aka zaunar da shi a Gusau yana kula da gundumomin gabashin Sakkwato. Da Antoni Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 gaban majalisar Ikko, ranar 31 ga Maris 1953, Sardauna ya nemi a cire shekarar, a ce da zarar hali ya yi. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi, rikicin Kano ya ɓarke a watan Mayu, daga bisani aka koma tsarin tarayya a 1954 domin kowace jiha ta yi tafiya daidai ƙarfinta. Arewa ta karɓi mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, shekara 56 cif da faɗuwar Sakkwato.

'Yan uwanmu na ƙetaren iyaka su ma suna cikin tasu gardamar. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Faransa ta tambayi ƙasashen da take mallaka ko za su zauna cikin ƙawancenta. Gini ta ce a'a, ta samu 'yanci nan take. A Nijar, Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba suka yi kiran a ce a'a, amma hukumar Faransa ta sa ƙarfinta duka a ɗaya ɓangaren, aka kayar da su, aka haramta jam'iyyar a 1959, wasu 'ya'yanta suka sami mafaka wajen 'yan NEPU a Kano. Kalmar sawaba, wadda ita ce taken NEPU, ta nuna cewa talakawan ɓangarorin biyu da harshe ɗaya suke kuka. Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960 ƙarƙashin Jori Hamani, Nijeriya ta biyo baya bayan wata biyu.

Ƙuduri mai lamba 1514

Ƙasashen Afirka 17 ne suka samu 'yanci a 1960. Ranar 7 ga Oktoba Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a zaurenta na Niyok. Shigowar sababbin ƙasashe ta sauya lissafin ƙuri'a. Ranar 14 ga Disamba aka zartar da ƙuduri mai lamba 1514, wanda ƙasashen Afirka da Asiya 43 suka gabatar: 89 suka goyi baya, babu wadda ta ƙi, tara suka ƙaurace, cikinsu har da Ingila da Faransa da Amurka da Fotugal. Ƙudurin ya ce mallakar wata al'umma tauye haƙƙin ɗan Adam ne, kuma rashin shiri ta fuskar ilimi ko tattalin arziki ba zai zama hujjar jinkirta 'yanci ba. Sai dai ya ƙara da cewa ba a yarda a wargaza haɗin kan ƙasa ko a taɓa iyakokinta ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Haƙƙin zaɓen makoma ya tabbata ne ga ƙasa kamar yadda Bature ya shata ta. A duk faɗin Arewa, mutanen Arewacin Kamaru kaɗai aka taɓa tambaya wace ƙasa suke so, domin su amana ce a hannun Majalisar. A Fabrairu 1961 suka zaɓi Nijeriya, aka kira yankinsu Lardin Sardauna. Bazamfaren Zurmi da Bakatsinen Maraɗi babu wanda ya tambaye su. A taron Alƙahira na 1964 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda aka kafa a Adis Ababa a 1963, ta yanke shawarar riƙe iyakokin da aka gada, don gudun yaƙe-yaƙen da sake rabo zai haifar. Shawarar ta hana fitina mai yawa, amma ta tabbatar da turakun 1908.

Nijeriya ba ta tsaya ga nata 'yancin ba. Ta yanke hulɗa da Faransa a Janairu 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya. Janar Murtala Muhammad ya amince da gwamnatin MPLA ta Angola a 1975, duk da matsin lambar Amurka. A 1976 aka buɗe asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikata da ɗalibai suka zuba abin da ya sawwaƙa, kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Zimbabuwe ta 'yantu a 1980, Namibiya a 1990, Afirka ta Kudu ta yi zaɓen kowa da kowa a 1994. Yankuna 17 ne suka rage a jerin Majalisar, mafi girmansu Yammacin Sahara.

Abin da ya rage

Duniya ta cika alkawarinta na sauke tutar Bature, amma iyakar da aka yi cinikinta da kifi tana nan tana aiki. An rufe ta a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma a Janairu 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Kowane karo a Abuja da Yamai ake yanke hukuncin, mai kai hatsi da dabbobi kasuwar Shinkafi da mai zumunci a Maraɗi su ke ɗanɗana kuɗarsa.

Haka nan a cikin gida. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, shekara 16 bayan 'yanci. Daga wajajen 2011 zuwa yau, ƙauyuka da dama na Zurmi da Shinkafi sun ga lokutan da manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, kamar dai yadda kakansa ya biya harajin da ba a yi shawara da shi ba. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya. Babu wani ƙuduri na Niyok da zai kai yaro makaranta a Zurmi, ko ya buɗe hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da dare.

Waɗanda suka kawo ƙarshen mulkin mallaka ba su fi mu yawa ba, ba su fi mu dukiya ba. Malaman makaranta ne da akawuna da editoci da tsofaffin soja, waɗanda suka san abin da ake faɗa a zaurukan duniya, suka kuma san halin da ƙauyensu ke ciki, suka haɗa biyun. Mu da muke zaune a birane, kusa da inda ake yanke hukunci, matsayinsu muke kai a yau. Darasin da tarihin nan ya bar mana shi ne, duk zaman da aka yi kan makomar ƙasarmu babu mu, da mu aka yi ciniki.